Mu hana 'yan aji ɗaya amfani da AI a kwas ɗin laburare ko mu shigo da ita aji?

Malamar_Laburare
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema, malamai da abokan aiki na laburare, ɗalibai ma ku sa baki don ku abin ya fi shafa. Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya ɓangaren nan na GST, kwas ɗin gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, na amfani da laburare, yadda za ka nemo littafi a kanta, ka karanta lambar da ke gadon bayansa, ka bambance mujallar ilimi da jarida, ka rubuta manazarta. Zangon da ya wuce na ba su ɗan aiki, shafi biyu kan raguwar ruwan Tafkin Chadi, kowa ya kawo madogara biyar. Da na zo dubawa sai na ga manazarta tsaf tsaf, ga sunan marubuci ga shekara ga sunan mujalla har da lambar shafi, wallahi na ji daɗi na ce yaran bana sun kama karatu. Sai na ɗauki wasu na bi sawu. Wata maƙalar babu ita a duniya, wata kuma marubucin na gaske ne mujallar ma ta gaske ce amma bai taɓa rubuta abu mai wannan suna ba. Na kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ba su ɓoye min ba, AI ce ta ba su, wato manhajar nan mai amsa tambayoyi irin su ChatGPT. Abin da ya tsaya min a rai shi ne su kansu ba su san ƙarya suka kawo ba, wata har kuka ta yi tana rantsuwa ita ta ɗauka littattafan suna nan.

To yanzu na rasa wacce zan kama. Ko in hana kwata-kwata, ko in shigo da ita aji da kaina, mu tambaye ta a gabansu sannan mu tashi mu je mu nemo abin da ta faɗa mu ga wanne ne gaskiya. Wanne kuke ganin zai fi amfanar yaro ɗan shekara 17 da bai taɓa riƙe mujallar ilimi ba?

Dr_Tsohon_Hannu
Wa alaikumus salam Malama. Ki hana. Da rarrafe yaro kan tashi. Mu da muka yi karatu a Zariya a laburaren Kashim Ibrahim da akwatin kati muka fara, ka ja durowa ka bi harafi ka kwafi lamba ka hau bene ka nemo littafin da hannunka, kuma a hanyar nemansa sai ka ci karo da wasu guda uku da ba ka san da su ba. Wannan wahalar ita ce karatun. In sun kai aji uku sun san fagensu sai a yi maganar na'ura, amma wanda bai san komai ba ta yaya zai gane an yi masa ƙarya?

ummi_100L
Baba Dakta Allah ya ƙara girma, amma ta yaya za a hana? Ko ban sauke komai a waya ba Meta AI tana cikin WhatsApp ɗina, in na nemi abu a Google ma amsar AI ce ke fara fitowa a sama. Kuma gaskiya ni ba don satar amsa nake amfani da ita ba, a lakca muna cika hol maƙil wasu a tsaye wasu a taga, malami yana gaba da makirfon da ba a ji, in ya faɗi kalma ban gane ba wa zan tambaya? Da daddare sai in rubuta mata in ce ta bayyana min da sauƙin Turanci, wani lokacin in ce da Hausa. Abin da ban sani ba sai yau shi ne tana iya ƙirƙiro sunan littafi, babu wanda ya taɓa gaya mana

Malamar_Laburare
Kin gani ko ummi, wannan “babu wanda ya taɓa gaya mana” ɗin shi ne ya hana ni barci.

Injiniya_Samaru
Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ciki don a gane dalili. Ita irin wannan manhaja ba ma'ajiyar littattafai ba ce da za ta shiga ta duba ta fito miki da shi. An horar da ita ne da rubutu mai ɗimbin yawa har ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wacce, amsar da take ba ki kalma bayan kalma take jero ta. To ta ga dubban manazarta, ta san siffarsu sarai, suna, shekara, take, mujalla, shafi. In kika ce ta ba ki biyar kan Tafkin Chadi za ta jero abin da ya yi KAMA da manazarta, wani ya dace da na gaske wani kuma shaci-faɗi ne, kuma da murya ɗaya za ta faɗe su duka ba gargada. Yanzu da yawansu an haɗa su da intanet suna yin bincike su ba ka adireshin shafi, wannan ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba, don sau da yawa shafin yana nan amma in ka buɗe ka karanta ba abin da ta ce ya faɗa ya faɗa ba. Ni ina goyon bayan a shigo da ita aji. ChatGPT ta fito tun 30 ga Nuwamba 2022, yaran da ke shigowa jami'a yanzu da ita suka gama sakandare.

Barista_A
Malama kar ki ga laifin yara da yawa, manya ma sun faɗa ramin nan. A 2023 a wata kotun tarayya a New York, a shari'ar wani fasinja da kamfanin jiragen sama na Avianca, lauyoyi sun shigar da takarda mai ɗauke da shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙirƙira, babu ko ɗaya a ciki da aka taɓa yi. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Abin lura a labarin, lauyan ya koma ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne ta ce masa eh. Ki fara ajinki da wannan labarin, darasin kenan, ba a tambayar mai ba da labari ya zama shaidar kansa.

Almajirin_Hadisi
Ni wallahi duk bayanin nan da kuke yi sai nake ganin abin da muka gada ne muka bari a baya. A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi, wato jerin mutanen da suka ruwaito magana, yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malaman hadisi ba sa kallon daɗin magana, tambaya suke wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, yaya riƙonsa yake. Ga kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike. Yawancin yaranmu sun yi Islamiyya, sun san bambancin hadisi ingantacce da mai rauni da ƙirƙirarre tun suna ƙanana. Malama in kika ce musu manazarta isnadin boko ce, a take za su gane, sai ki ce to AI mai ruwaya ce da aka kama tana ƙirƙira, ba a karɓar ruwayarta sai an samu ta wata hanyar.

Grace_Kafanchan
Misalin ya yi kyau sosai kuma na fahimta, amma a tuna ajin ba Musulmi kaɗai ke ciki ba. Sai a haɗa da misalin da kowa ya sani, kamar in an ce maka an ce an ce a kasuwa, ai sai ka tambaya wa ya gani da idonsa.

Almajirin_Hadisi
Haka ne 'yar uwa, na karɓi gyara. Hanyar nake nufi, kowa zai iya ɗauka.

sani_falsafa
Ni inda ban yarda ba shi ne kiranta fasiƙa ko maƙaryaciya. Maƙaryaci ya san gaskiya ya kauce mata, ita kuwa kamar yadda Injiniya ya ce ba ta san komai ba balle ta kauce. Kuma wannan ba wasa da kalma ba ne, in yaro ya ɗauka mutum ce mai ƙarya wani lokaci to zai ce bari in matsa mata ta faɗa min gaskiya, irin abin da lauyan can ya yi kenan. Gara ya san na'ura ce mai jera kalmomi.

Dr_Tsohon_Hannu
Duk na ji, amma ba wanda ya amsa tambayata. Tantancewa sai da ilimi. Ni in ta yi min shirme a fagena ina gani a layin farko don na shekara 30 ina karanta shi. Yaron da ya fito daga sakandare jiya fa? Kuma ai akwai manhajar da ke kama rubutun AI, a sa ta a yi maganin masu yi.

Injiniya_Samaru
Ranka ya daɗe a nan kam zan roƙe ka a yi hattara. Kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya fitar da irin wannan ma'auni a farkon 2023, zuwa watan Yuli ya janye shi saboda ba ya kamawa daidai. Sannan a shekarar wasu masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun jarrabawar ƙwarewar Turanci ta TOEFL na mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, fiye da rabi aka ce na'ura ce ta rubuta alhali mutane ne. Dalili kuwa wanda ya koyi Turanci a makaranta yakan yi amfani da kalmomin da aka saba da jimla mai sauƙi, ita kuma manhajar abin da take ɗauka alamar na'ura kenan. Wato yaranmu su ne za a fi zalunta.

hauwa_chem
Ya faru da ni. Da hannuna na rubuta a takarda kafin in buga, aka ce na'ura ce, aka ba ni sifili. Sai da na kawo takardun da na yi gwaji a kai da shafukan da na yi hoto a laburare sannan aka sake dubawa, sati uku ina zarya. Tun daga ranar ba na yar da takardar da na yi rubutun farko a kai, shawara ce ga ƙannena 'yan aji ɗaya

Malam_Jogurafi
Malama taken da kika ba su ma shi kansa darasi ne babba, bari in ɗan tsawaita. In kika tambayi kowace manhaja yau za ta ce miki Tafkin Chadi ya ragu da kashi 90 cikin 100 tun daga shekarun 1960, jaridu ma haka suke rubutawa, shugabanni ma haka suke faɗa a taro. Maganar tana da tushe, a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye shi ƙwarai har ya rabu kwari biyu, na arewa da na kudu. Amma labarin bai tsaya nan ba. Binciken da aka buga a 2020 da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna a shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin ba ci gaba da ƙafewa yake ba, yana cika yana janyewa ne da damina da rani, kuma ruwa mai yawa yana ƙarƙashin ciyayi inda hoto na yau da kullum ba ya gani. To ka ga nan ba maganar madogarar ƙarya ba ce, kowace madogara ta gaske ce amma wacce shekara aka auna, da me aka auna, wane wata ne. AI abin da aka fi maimaitawa take ɗaukowa, abin da aka fi maimaitawa kuma ba lallai shi ne sabon sani ba. Wannan shi nake so yaro ya koya a aji ɗaya, ya ga lamba ya tambaya ta yaushe ce.

Malamar_Laburare
Malam na gode ƙwarai, wannan ni kaina ban san shi haka dalla-dalla ba. In ba damuwa zan neme ka ta akwati ka turo min sunan binciken in nemo shi da kaina kafin in kai aji.

Malam_Jogurafi
Ba komai, na tura.

dan_Maradi227
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan da Faransanci muke karatu kuma abin iri ɗaya ne, sai dai mu ƙarin matsalarmu in ka tambaye ta abu kan Nijar sai ta riƙa kawo maka misalin Faransa ko Senegal, wani lokacin ma ta haɗa mu da Najeriya saboda sunan ya yi kama. Ƙanena yana shekarar farko, na zauna da shi na ce ya tambaye ta tarihin garinmu, rabin abin da ta faɗa kakarmu ta ƙaryata a zaune. Daga ranar ya daina yarda da ita ido rufe. Ni ina ga Malama ki fara da abin da yaran suka riga suka sani, garinsu, sana'ar gidansu, harshensu. A nan su ne malamai, su za su kama ta.

Dr_Tsohon_Hannu
To wannan magana ce. Ɗan Maraɗi ka amsa rabin tambayata, in a kan abin da yaro ya sani ne zai iya kamawa. Saura rabin, ranar da aka ba shi abin da bai sani ba.

Laburare_Sakkwato
Dakta sauran rabin akwai amsarsa, kuma ba sai yaro ya san fagen ba. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Stanford sun gwada rukuni uku, malaman tarihi 10, masu aikin tantance labarai 10 da ɗalibai 25, aka ba su shafukan intanet su faɗi wanne abin dogaro ne. Masu tantance labarai suka fi kowa sauri da dacewa, ba don sun fi malaman tarihi ilimi ba, sai don su ba sa tsayawa suna ƙare wa shafin kallo, nan take suke fita su buɗe wasu shafuka su ga me wasu ke cewa game da mai shafin. Malaman da ɗaliban kuwa da yawa kyan shafi da tambari da jerin manazarta ya ruɗe su, daidai abin da ya faru da Malama a kallon farko. Daga irin wannan ne Mike Caulfield ya tsara matakai huɗu da ake kira SIFT, ka dakata, ka binciki mai maganar, ka nemi inda aka fi kawo labarin da kyau, ka bi magana har asalinta. Ni haka nake yi da nawa ɗaliban, in AI ta ba ka maƙala ka kwafi takenta ka sa a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, in ta Afirka ce ka duba AJOL, rumbun mujallun ilimi na Afirka a intanet, in akwai lambar shaidar maƙala da ake kira DOI ka sa ta a doi.org ka ga ina za ta kai ka. Minti biyu ne. In ka same ta ka buɗe ka nemo jimlar da aka ce tana ciki. Wannan ɗan aji ɗaya zai iya ko bai san komai a fagen ba.

Kuma a tuna wannan fanni namu na koyar da neman bayani da tantance shi, information literacy, ya girmi AI, tun 1974 Paul Zurkowski ya raɗa masa suna a Amurka, ya ga zuwan CD ya ga zuwan Google ya ga Wikipedia, kowanne sai da aka ce a hana.

mai_shagon_bakin_get
Ni ba malami ba ne, buga takardu nake a bakin get shekara da shekaru, amma abin da nake gani ku ba kwa gani. Da can yaro zai zo da littafi ya ce a yi masa hoton shafi kaza zuwa kaza, yanzu da waya yake zuwa ya turo min ta WhatsApp ya ce a buga, wani ko karantawa bai yi ba har da gaisuwar da manhajar ta yi masa a sama da tambayar da ta yi a ƙasa ko yana son ƙari, ni nake goge masa. In kun hana a aji a shagona za a yi. Gara ku koya musu.

Abban_Khadija
Ni uba ne, 'yata ta shiga bana. Tambayata kuɗi. An ce akwai ta kyauta akwai ta biya kuma ta biyan ta fi ƙwari, to in malami ya sa AI cikin aikin da za a ba maki ɗan mai kuɗi bai riga ɗan talaka ba kenan? Ga data ga caji, wani yaron ma ƙaramar waya gare shi. A duba wannan dan Allah kafin a mai da shi dole.

Laburare_Sakkwato
Alhaji gaskiya ka faɗa. Shi ya sa ni ba na ba da maki kan kyan amsar da manhaja ta bayar, makin yana kan binciken da yaro ya yi a kanta. Kai in ta yi kuskure da yawa ma aikin ya fi armashi. Kuma rukuni rukuni nake sa su, waya ɗaya ta ishi mutum biyar, ko malami ya buga amsar a takarda ya raba ba sai kowa ya kunna data ba.

ummi_100L
Tunda an ce ɗalibai mu sa baki bari in faɗi wani abu kar a ji haushi. Handawut ɗin da ake ba mu da yawa babu manazarta ko ɗaya a ƙarshe, ba mu san daga ina aka ɗauko ba, kuma in ka rubuta wani abu daban da shi a jarrabawa ka faɗi. To an koya mana mu haddace abin da ba shi da madogara sannan a ce mun yarda da AI ba bincike

Dr_Tsohon_Hannu
'Yata ba ki yi rashin kunya ba, gaskiya kika faɗa kuma ta shafe mu. Ni nawa akwai manazarta amma na san waɗanda babu. Wannan gyara namu ne mu malamai.

Bahaushe_Zalla
Ni ta ɓangaren Hausa zan yi magana don shi na karanta. Ku gwada ce mata ta ba ku karin magana goma kan haƙuri, za ta kawo biyu uku na gaske sauran kuwa fassarar na Turawa ne ko kuma abin da ba Bahaushen da ya taɓa faɗa. Dalili a fili yake, rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne in aka gwada da Turanci. Iliminmu mai yawa yana cikin takardun Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, yana cikin rubutun ajami a gidajen malamai, yana cikin tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa tun 1939, yana cikin kundayen digiri da ke jibge a sassan jami'o'i ba a taɓa sa su a kwamfuta ba, yana bakin tsofaffi. Tsorona kar yaro ya tashi da tunanin abin da AI ba ta sani ba babu shi. Malama ki sa musu aiki ɗaya da dole sai sun taka sun je wurin mutum ko wurin takarda.

sani_falsafa
Wannan tsoron ya fi na madogarar ƙarya girma a wurina. Ƙarya ana kama ta, amma abin da aka tsallake ba a faɗa ba wa zai kama?

Nurse_Binta
Afuwan na shigo a makare ban karanta duka ba. Abu ɗaya kawai, a gaya musu kar su riƙa zuba bayanan mutane a ciki. Ɗalibanmu na lafiya wani sai ya kwafi bayanin mara lafiya da sunansa ya sa wai a taƙaita masa, wannan amana ce. UNESCO ma a jagorar da ta fitar a Satumba 2023 kan wannan fasaha a harkar ilimi ta ja hankali sosai kan kare bayanan mutane.

Malamar_Laburare
Jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta kowanne har sau biyu. Ga abin da nake tunanin gwadawa, ku gyara min. Sati biyun farko ba AI, za mu shiga laburare su nemo littafi da hannunsu kamar yadda Dakta ya ce don ni ma ban yarda a yar da wannan ba. Sati na uku in ba su labarin lauyoyin New York, sannan kowane rukuni ya tambaye ta abu kan garinsu ko karin magana su ja layi a ƙarƙashin duk inda ta kauce, shawarar ɗan Maraɗi da Bahaushe. Daga nan sai mu koma Tafkin Chadi, ta ba su madogara biyar, su bi kowacce su rubuta min a gabanta, na same ta, ban same ta ba, ko na same ta amma ba haka ta ce ba, da inda suka duba. Kuma duk wanda ya yi amfani da ita a kowane aiki ya rubuta a ƙasa me ya tambaye ta, ba zan rage masa maki don ya faɗa ba.

Dr_Tsohon_Hannu
Sati biyu ya yi kaɗan Malama, ki mai da shi huɗu. Kuma har yanzu ina da ja kan abu ɗaya, nemo madogara daban, iya zama ka karanta shafi ashirin ka fito da ra'ayinka daban. Na biyun nan ne nake ganin yana mutuwa, yaro ya saba a taƙaita masa komai a layi biyar. Ko ya tabbatar maƙalar tana nan, ya karanta ta?

Injiniya_Samaru
Dakta wannan kam ba ni da amsarsa a na'ura. Sai dai a tsayar da yaro minti biyu ya faɗi da bakinsa me marubucin ya ce.

Malamar_Laburare
Minti biyu sau yawan ɗalibaina Injiniya, ka lissafa, ni kaɗai ce da mataimaki ɗaya kuma awa biyu gare mu a sati. Sai dai in ɗauki mutum ɗaya daga kowane rukuni ba tare da sun san wa zan kira ba.

hauwa_chem
Malama in haka ne ki nemi 'yan aji uku da huɗu su taimaka, ni zan iya zuwa in zauna da rukuni biyu in ba ni da lab ranar. Wace rana ce lakcar?

Malamar_Laburare
Laraba ƙarfe goma. Bari in fara magana da shugaban sashe tukuna in ji ko zai yarda, da maganar sati huɗun Dakta. @Laburare_Sakkwato dan Allah turo min takardar da kake raba wa rukunanka in ga yadda ka tsara ta.